FASHIN BAƘI: Ƙarin huhu da ke sajewa da tarin fuka, da yadda likitoci ke gane shi a hoton ƙirji

Duk wanda ya kwashe mako biyu yana tari a Samaru ko Sabon Garin Zariya, musamman idan ya fara ganin jini a kakinsa, shawarar farko da zai ji daga ma'aikacin lafiya ita ce ya je a yi masa gwajin tarin fuka. Shawara ce da ke bisa hanya, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum rabin miliyan ne ke kamuwa da tarin fuka a Najeriya duk shekara, adadin da ya zarce na kowace ƙasa a Afirka.

Sai dai a cikin dubban masu tarin nan akwai 'yan ƙalilan da babu ƙwayar tarin fuka a jikinsu. Wani ɗan ƙari ne ya tsiro a cikin bututun iskar huhunsu ya toshe shi. Ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙari shi ne wanda likitoci ke kira kasinoyid. Ba kasafai ake samun sa ba, yakan kama matasa da masu matsakaitan shekaru, kuma idan aka gano shi da wuri tiyata na iya raba mutum da shi baki ɗaya. Idan kuwa aka yi ta ba mai shi maganin tarin fuka wata da watanni, ɓangaren huhun da ke bayan toshewar yana iya lalacewa har ya zama sai an cire shi. Wannan bayani ya duba yadda ƙarin ke bayyana a hoto, da inda ya bambanta da tarin fuka, da kuma hanyar da majiyyaci a Zariya zai bi kafin a tabbatar da shi.

Mene ne kasinoyid?

A jikin bangon hanyoyin iska na huhu, kamar yadda yake a bangon hanji, akwai wasu ƙwayoyin halitta da ke warwatse waɗanda aikinsu fitar da sinadaran aika saƙo a jiki. Daga cikinsu ne kasinoyid ke tsirowa. Wani likitan binciken tsoka ɗan ƙasar Jamus, Siegfried Oberndorfer, shi ya raɗa sunan a shekarar 1907, bayan ya ga irin wannan ƙari a ƙaramin hanji. Ma'anar sunan ita ce “mai kama da kansa”, saboda ya lura cewa ƙarin ya yi kama da sankara amma ba ya gaggawar yaɗuwa kamarta. A yau likitoci sun daidaita a kan cewa kansa ce, sai dai mai tafiyar hawainiya.

Kasinoyid bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na dukkan kansar huhu ba. Iri biyu ne. Akwai mai sauƙi, wanda shi ya fi yawa nesa ba kusa ba, akwai kuma mai zafi, wanda ya fi saurin kai wa kaluluwa da hanta da ƙashi. Likitan binciken tsoka ne ke raba su a ƙarƙashin madubin bincike. Idan ƙwayoyin da ya tarar suna rabuwa ba su kai 2 ba a fili mai faɗin murabba'in milimita 2, kuma babu mataccen nama, mai sauƙi ne. Idan sun kai 2 zuwa 10, ko ya ga mataccen nama, mai zafi ne.

Abin da ya raba shi da kansar huhu da aka fi sani shi ne waɗanda yake kamawa. Ita waccan ta fi kama dattawa da suka daɗe suna shan taba. Shi kasinoyid mai sauƙi ba shi da wata alaƙa mai ƙarfi da taba, maza da mata duk yana kama su, kuma yana cikin kansar huhu da aka fi samu a jikin 'yan shekara goma sha. Saboda haka ɗalibar jami'a da ba ta taɓa riƙe karan sigari ba tana iya zama mai ɗauke da shi, alhali babu wanda zai kawo kansa a ransa idan ya dube ta.

Alamomin da ke ruɗar da mutane

Galibin irin wannan ƙari, kimanin uku cikin huɗu, yana tsirowa ne a manyan bututun iska da ke tsakiyar ƙirji. Daga nan alamominsa ke samo asali. Yana sa tari mai naci. Da yake cike yake da jijiyoyin jini, yakan sa a riƙa kakin jini jefi-jefi. Idan ya ƙuntata bututun, numfashi yakan riƙa fito, sai a ɗauka asma ce, a ba mutum abin shaƙa, alhali fiton daga gefe ɗaya kawai yake fitowa. Idan ya toshe bututun gaba ɗaya, majina takan taru a bayansa ta ruɓe, sai zazzaɓi da nimoniya su biyo baya. A sha magani a samu sauƙi, bayan 'yan watanni ciwon ya dawo a daidai inda ya kama a da.

Tari, kakin jini, zazzaɓi da rama su ne kuma alamomin tarin fuka. Wannan ne ya sa a ƙasashen da tarin fuka ya yi yawa ake samun masu kasinoyid da suka sha maganin tarin fuka sau ɗaya ko fiye kafin a gano ainihin abin da ke damun su. A wasu 'yan kaɗan ƙarin yana fitar da sinadaran da ke sa gudawa da ɗumin fuska, ko waɗanda ke sa kumburin fuska da hawan jini da ciwon suga, amma mafi yawan majiyyata ba sa nuna waɗannan. Ƙarin da ya tsiro can gefen huhu kuwa sau da yawa ba ya nuna komai, sai dai a ci karo da shi a hoton da aka ɗauka don wani dalili, kamar gwajin lafiya na ɗaukar aiki ko na shiga makaranta.

Yadda ake karanta hoton ƙirji

Tun da Wilhelm Röntgen ya gano hasken eksire a Jamus a watan Nuwamban 1895, ƙa'idar hoton ba ta sauya ba. Hasken yana ratsa jiki, abin da ya fi kauri ya tare shi ya fito fari, abin da ya ƙyale shi ya wuce ya fito baƙi. Ƙashi fari ne, zuciya da tsoka da ruwa toka-toka ne mai haske, huhu mai cike da iska kuma baƙi. Duk abin da ya kori iska daga wani sashe na huhu, ko ƙari ne ko ruwa ko mugunya, zai bar farin tabo. Rauninsa shi ne hoton shafi ɗaya ne, haƙarƙari da zuciya da jijiyoyi duk sun hau kan juna.

Huhun dama yana da sassa uku, na hagu biyu. Babban maƙogwaron iska yana rabuwa biyu a tsakiyar ƙirji, kowane reshe ya shiga huhu ɗaya ya ci gaba da rarrabuwa kamar rassan itace. Wurin da reshen ke shiga huhu tare da manyan jijiyoyin jini shi ake kira ƙofar huhu, kuma a nan ne likitan hoto ke fara neman kasinoyid.

Kamanninsa a eksire

Idan ƙarin ya fito fili, ana ganin sa ne a matsayin dunƙule zagayayye ko mai siffar ƙwai a kusa da ƙofar huhu, bakinsa a shate sarai, girmansa yawanci tsakanin santimita 2 zuwa 5, wato daga ɗan goro zuwa lemon tsami. Kansar masu shan taba takan fito da baki mai tsikoki kamar ƙaya. Shi kuwa sumul yake, ko da ɗan tudu-tudu.

Amma sau da yawa ba a ganin ƙarin kansa a eksire, sai dai ɓarnar da ya yi. Ta farko ita ce lotsewar huhu. Idan bututu ya toshe, jini yakan shanye iskar da ta maƙale a bayansa, sai sashen ya motse ya koma farin yanki mai siffar dala, ya janyo maƙogwaro ko zuciya zuwa wajensa. Idan saman huhun dama ne ya lotse saboda ƙari a ƙofarsa, layin da ya raba sassan yakan lanƙwashe kamar harafin S da aka juya. Wani likitan hoto na Amurka, Ross Golden, shi ya bayyana wannan alama a 1925, kuma har yau da sunansa ake kiran ta. Duk likitan da ya gan ta ya san akwai abin da ya toshe bututu.

Ta biyu ita ce nimoniya da ta ƙi barin wuri ɗaya. Hoto ɗaya ba zai nuna haka ba, sai an jera na bara da na bana an ga tabon yana nan a sashe guda. Ta uku kishiyar ta farko ce. Wani lokaci ƙarin yakan zama kamar murfi, ya bar iska ta shiga lokacin jan numfashi ya hana ta fita. Sai sashen ya kumbura ya fi sauran baƙi, abin da ya fi bayyana idan an ɗauki hoton bayan majiyyaci ya fitar da numfashi. Ta huɗu ita ce majina da ta cika rassan bututu ta kumbura su, su fito kamar yatsun hannu a cikin safar hannu.

Akwai kuma waɗanda hotonsu zai fito lafiya lau, saboda ƙarin ƙarami ne ko ya ɓuya a bayan zuciya. Don haka kyakkyawan eksire ba ya wanke mai kakin jini daga zargi.

Abin da siti-sikan ke ƙarawa

Na'urar siti-sikan, wadda injiniyan Ingila Godfrey Hounsfield ya ƙera aka fara gwada ta a kan majiyyaci a Landan a 1971, tana ɗaukar jiki yanka-yanka, ta yadda babu abin da ke ɓuya a bayan wani. Tana kuma auna kaurin kowane nama da lamba. A ma'aunin da aka sa wa sunan Hounsfield, ruwa sifiri ne, iska 1,000 ƙasa da sifiri, kitse wajen 100 ƙasa da sifiri, ƙashi kuma ɗaruruwa sama da sifiri. A wannan hoto ne kasinoyid ke nuna halayensa guda huɗu.

Na farko, dangantakarsa da bututun iska. Ana ganin sa zaune a cikin bututun, ko manne da shi yana matse shi, sau da yawa a kusa da inda reshe ya rabu biyu. Na biyu, abin da ke cikin bututun kan zama ɗan kaɗan, babban jikin ƙarin yana waje ya nutse cikin huhu. Littattafan likitanci na kwatanta wannan da dutsen ƙanƙara da ke yawo a teku. A wajenmu dorina ce a kogi, hanci da kunnuwa a sama, sauran jiki a ƙarƙashin ruwa. Muhimmancin wannan shi ne, wanda ya leƙa cikin bututun kawai zai raina girman ƙarin.

Na uku, yadda yake shan rini. Kafin ɗaukar hoton akan yi wa majiyyaci allurar wani ruwa mai sinadarin aidin da ke haska jijiyoyin jini. Saboda yawan jijiyoyinsa, kasinoyid yakan yi haske sosai kuma bai ɗaya, har wani lokaci a ɗauka kumburarriyar jijiya ce. Wannan hasken ne ke raba shi da lotsattsen huhu da majinar da ke kewaye da shi. Hoton da aka ɗauka ba tare da allurar ba yana iya kasa nuna inda ƙari ya ƙare da inda lotsewa ta fara. Na huɗu, daskararren sinadarin kalsiyam, wanda ake gani a kusan kashi 30 cikin 100 na waɗannan ƙari, galibi na tsakiyar ƙirji, a matsayin fararen ɗigo ko gutsattsari a gefe. Eksire ba ya cika nuna su.

Siti-sikan yana kuma duba kaluluwar ƙirji da hanta. Kumburin kaluluwa na iya zama yaɗuwar ƙarin, yana kuma iya zama sakamakon nimoniyar da ta yi ta dawowa, saboda haka hoto kaɗai ba ya yanke hukunci a kanta. Haka nan ba ya iya tabbatar da cewa ƙarin mai sauƙi ne ko mai zafi, ko da yake mai zafi ya fi zama babba kuma a gefen huhu.

Inda ya bambanta da tarin fuka da sauran makamantansa

Hausawa na cewa kama da wane ba ta wane. Tarin fuka a jikin babba ya fi son saman huhu, sau da yawa ɓangarorin biyu. Yana cin nama ya bar kogo mai baƙin ciki da farin baki. A siti-sikan yakan watsa ƙananan ɗigo a ƙarshen rassan iska kamar itace mai toho. Kaluluwarsa takan yi haske a baki, tsakiyarta ta mutu. Idan ya bi jini ya watsu, huhu duka yakan cika da ɗigo kamar an watsa gero, kuma daga kalmar gero a harshen Latin ne ma aka samo sunan da likitoci ke kiran wannan nau'i. Kasinoyid ba ya cika yin kogo, ɓarnarsa tana tsayawa a sashen da bututunsa ya toshe, sauran huhu kuma lafiya lau.

Duk da haka akwai inda suke haɗuwa. Tarin fuka na iya dunƙulewa wuri ɗaya kamar ƙari, yana iya kama bututun iska ya ƙuntata shi, kuma a jikin mai cutar ƙanjamau kamanninsa na sauyawa. Mutum ɗaya ma na iya ɗauke da duka biyun.

Akwai wasu abubuwan da likita ke auna su kafin ya tsaya a kan kasinoyid. Wani ƙari marar illa da ake kira hamatoma yakan ƙunshi kitse, wanda siti-sikan ke ganewa da lambarsa, da kalsiyam mai siffar gugguru. Akwai ƙari biyu da ke tsirowa daga ƙwayoyin da ke fitar da majina a bangon bututu, waɗanda a da ake haɗa su da kasinoyid a ƙarƙashin suna ɗaya. Ƙwayar gyaɗa da yaro ya shaƙa, ko fil ɗin ɗaura mayafi da ya zame daga bakin budurwa, su ma suna toshe bututu su kawo nimoniya mai dawowa. A tsohon kogon tarin fuka kuma naman gwari kan dunƙule kamar ƙwallo ya sa kakin jini.

Hoton da ke bin sinadari

Akwai wani hoto da ake kira PET, wanda ake yi wa majiyyaci allurar sinadari mai fitar da haske a ga inda ya taru. Wanda aka saba amfani da shi nau'in suga ne, domin kansa mai zafi tana da haɗamar suga. A nan kasinoyid mai sauƙi yakan yaudari na'ura, saboda ba ya cin suga sosai, sai ya fito dishi-dishi. Tarin fuka kuwa yana haskawa kamar kansa. Abin da ya fi dacewa da kasinoyid shi ne sinadarin da ke manne wa wasu kafofi na musamman da ke jikin ƙwayoyinsa, wanda ake haɗawa da galiyam-68. Rabin ƙarfin wannan sinadari yana ƙarewa cikin minti 68, saboda haka dole a haɗa shi kusa da inda za a yi amfani da shi. Na'urorin PET 'yan kaɗan ne a Najeriya. Abin kwantar da hankali shi ne yawancin masu ƙarin da bai yaɗu ba ana iya gano nasu a yi musu tiyata da siti-sikan da leƙen bututu kawai.

Tabbatarwa da magani

Hoto yana nuna hanya ne, tsoka ke tabbatarwa. Likita yakan zura siririyar kyamara ta hanci ko baki zuwa cikin bututun iska, aikin da ake kira buronkoskofi. Kasinoyid yakan bayyana sumul, ja ko ruwan hoda, mai saurin zub da jini idan an taɓa shi, shi ya sa ake gutsuro samfurinsa da taka-tsantsan a wurin da ke da kayan tsayar da jini. Daga nan samfurin zai tafi ɗakin binciken tsoka.

Babban maganinsa tiyata ce. Akan cire sashen huhun da ƙarin yake ciki tare da kaluluwar da ke kusa. Idan huhun da ke bayan ƙarin bai lalace ba, ana iya yanke guntun bututun da ya kamu kawai a sake ɗinke bakunan biyu. Likitan fiɗa Clement Price Thomas ya yi irin wannan aiki a Landan a 1947, a kan ƙarin bututun iska. A nan ne jinkiri ke da tsada. Huhun da ya shekara a toshe yana ruɓewa ba ya farfaɗowa, sai a cire sashen duka, wani lokaci ma huhu guda sukutum. Kimanin tara cikin goma na masu kasinoyid mai sauƙi da aka yi wa tiyata suna nan da ransu bayan shekara biyar. Ga mai zafi adadin ya yi ƙasa da haka. Ana ci gaba da bibiyar majiyyaci shekaru masu yawa, domin ƙarin na iya dawowa bayan an manta da shi. Idan ya riga ya yaɗu, akwai allurai irin su oktiriyotayid da ke rage alamominsa da saurin girmansa.

Hanyar majiyyaci a Zariya

Ta fuskar cibiyoyi, Zariya ta fi garuruwa da yawa sa'a. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, tana Samaru, kuma asibitin koyarwarta ya koma mazauninsa na dindindin a Shika, kan hanyar Funtuwa, a 2005. Asibitin yana da sashen hoto, da na binciken tsoka, da likitocin fiɗar ƙirji, da cibiyar kula da masu kansa. A Saye kuma akwai Cibiyar Horaswa kan Tarin Fuka da Kuturta ta Ƙasa. Daga kasuwar Sabon Gari zuwa Shika, ta Kwangila da Samaru, tafiya ce da ba ta kai awa guda ba.

Nisan da ke tsakanin majiyyaci da ganewar ciwonsa yana cikin tsarin da yake bi ne. Mai tari yakan fara da kemis, ya sha maganin tari da na kashe ƙwayoyin cuta. Idan abin ya ƙi, ya je asibiti a gwada kakinsa da na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010. Idan gwajin bai nuna komai ba amma eksire ya nuna tabo, ƙa'ida ta yarda likita ya fara maganin tarin fuka bisa alamomi, domin akwai masu cutar da gaske waɗanda gwajin ba ya kama ta a kakinsu. Wannan ƙa'ida ta ceci rayuka masu yawa. Maganin na wata shida ne, kuma kyauta ake ba da shi. Siti-sikan da buronkoskofi kuwa kuɗi ake biya. Iyalin da aka ba zaɓi tsakanin magani kyauta da hoto mai tsada, an san wanda za su ɗauka.

Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a riƙa amfani da manhajar kwamfuta wajen karanta hoton ƙirji don tantance tarin fuka a jikin 'yan shekara 15 zuwa sama, kuma ana amfani da irin waɗannan na'urori na tafi-da-gidanka a Najeriya. Suna faɗaɗa gwaji zuwa ƙauyuka, amma tarin fuka aka koya musu nema. Wanda manhaja ta ce hotonsa ba daidai yake ba, gwajin kaki kuma ya ce babu tarin fuka, yana buƙatar idon likitan hoto da takardar tura shi gaba.

Inda manufofin gwamnati suka shigo

Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun majiyyata yake fitowa. A taron Abuja na 2001 shugabannin Afirka sun yi alƙawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga lafiya, kuma kasafin gwamnatin tarayya bai taɓa kai wannan adadi ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, dokar inshorar lafiya da aka sa wa hannu a watan Mayun 2022 ta wajabta inshora ga kowane ɗan ƙasa, Jihar Kaduna kuma tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, KADCHMA. Asusun tallafa wa masu kansa da gwamnatin tarayya ta fara da asibitoci shida, ciki har da na Shika, ya soma ne da kansar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza.

Ga mai bibiyar kasafin kuɗi da alƙawuran 'yan siyasa, tambayoyin da wannan ciwo ke tayarwa a fili suke. Shin inshorar da ɗalibi ko ɗan kasuwa ya shiga tana biyan kuɗin siti-sikan da buronkoskofi, ko rabi take biya? Idan an sayi na'ura, an ware kuɗin gyaranta da na wutar da za ta riƙe ta? Likitocin hoto da na binciken tsoka nawa ne suka rage a asibitocin gwamnati na jihar? Akwai rubutacciyar hanya da ke maido da wanda maganin tarin fuka bai yi wa aiki ba zuwa asibitin ƙwararru? Amsoshin waɗannan sun shafi masu kasinoyid, sun kuma shafi masu sauran kansar huhu da cututtukan ƙirji da suka fi shi yawa.

Abin da majiyyaci da danginsa za su kiyaye

Mai tarin da ya kai mako biyu ya fara da gwajin tarin fuka, domin shi ne ya fi yiwuwa. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya daina shan sa da ra'ayin kansa, saboda yanke magani na haifar da tarin fuka mai bijire wa magani. Amma ya koma wurin likita ya nemi ƙarin bincike idan gwajin kakinsa bai nuna cutar ba kuma ya yi wata biyu a kan magani babu sauƙi, ko nimoniya ta kama shi sau biyu a gefe ɗaya, ko kakin jini ya ci gaba, ko an ce yana da asma amma abin shaƙa bai yi masa aiki ba.

Ya adana duk hoton da aka taɓa ɗaukar sa, da takardar sakamako da kwanan wata, a wuri marar zafi da danshi, ya riƙa zuwa da su duk inda za a duba shi. Idan a faifai ko waya aka ba shi, ya ajiye kwafi. Ya nemi rubutaccen rahoton likitan hoto. Bayan jinyar nimoniya, idan likita ya ce a sake hoto bayan mako shida, a sake, domin a nan ne ake ganin tabon da ya ƙi gushewa. Kafin siti-sikan mai allura akan duba lafiyar ƙoda, kuma mace mai ciki ko mai zaton tana da shi ta faɗa tun kafin a fara. Hasken da siti-sikan na ƙirji ke sa wa jiki ya kai kimanin wanda mutum ke samu daga muhalli cikin shekara biyu zuwa uku, saboda haka ba a yin sa sai da dalili. Tabon da ya ƙi barin wuri ɗaya a huhun matashi yana cikin dalilan da likitoci suka yarda da su.